Jan Zare a Hannun Kula

Mai Gilashi ba mutum ne mai zargi ba, wannan kam duk 'yan layin shagunan za su shaide shi. Faɗa yana da shi, taurin kai kuwa har na sayarwa, amma zargin mutane bai iya ba sai da cikinsa ya fara ciwo.

Ya haura shekara talatin yana yanka gilashi a shago ɗaya: na taga, na tebur, madubin ɗaki, da na kantar masu sayar da waya. Ƙaninsa, wanda furfura ta fara fito masa a gemu amma har yau ba a daina ce masa Auta ba, a hannunsa ya tashi tun rasuwar iyayensu. Shi ya koya masa cewa abin yanka sau ɗaya ake jan sa a kan gilashi, ba a maimaitawa, shi kuma ya nema masa aure. Da matar Mai Gilashi ta rasu, 'yarsa tilo kuma aure ya kai ta wani gari mai nisa, sai matar Auta ta ɗauki nauyin abincinsa ba tare da kowa ya roƙe ta ba. Kullum da rana, a hanyarta ta ɗauko yara daga makaranta, za ta tsaya ta ajiye kuloli biyu iri ɗaya a kan bencin bakin ƙofa, ta ce, "Sannu da aiki, Yaya." Shi kuma ya ce, "Yawwa ƙanwata, Allah ya yi albarka." Shekaru ana haka, ko sau ɗaya ba ta taɓa fashi ba.

Ciwon ya fara ne kamar wasa. Ɗan zafi a ƙasan ƙirji bayan an ɗan jima da cin abinci, sai gyatsa mai tsami, sai ƙwannafi ya taso masa har maƙogwaro idan ya sunkuya a kan tebur zai auna. Bai ɗauke shi a bakin komai ba. Da ma shi mutum ne mai jinyar kansa da kansa. Tun da ɗaukar gilashi ya taɓa masa baya, kullum da safe sai ya jefa ƙwayar ciwon jiki guda biyu, ciki babu komai, ya kora da baƙin shayi mai kauri. Da cikin ya fara damunsa sai ya ce ai ciwo ciwo ne, abin da ya kashe na baya zai kashe na ciki, ya ƙara biyu da yamma.

Auta ne ya fara lura da yadda yake dafe ƙirji.

"Yaya, ko za mu je asibiti a duba ka?"

"A duba me? Ka ga na faɗi ne?"

"Ba ka faɗi ba, amma ka rame. Ka ɗan huta a gida mana ko na wata ɗaya ne, ni zan riƙe shago."

Ai kuwa ranar Auta ya sha faɗa har mai fentin da ke maƙwabtaka da su ya leƙo. Mai Gilashi ya ce shi ba majinyaci ba ne, duk wanda ya ƙara yi masa maganar asibiti ko hutu to ya nemi wani yayan. Auta ya ba da haƙuri, bai ƙara tayar da zancen ba. Faɗan ya wuce, amma maganar nan ta "ni zan riƙe shago" ba ta wuce ba, ta samu wuri a zuciyar dattijon ta zauna.

Bayan 'yan kwanaki sai ga jan zare ɗaure a hannun kula ɗaya.

"Mai zaren ita ce taka, Yaya," in ji matar Auta, ta wuce da sauri don an kusa tashin yara.

Ya buɗe. Shinkafa ce da ta dahu luguf, da dafaffen kifi da kabeji, ba mai, ba barkono, ko jan tumatir babu. Ya leƙa ta Auta, miya ja wur, mai na yawo a sama, ƙamshi na tashi. Shekara da shekaru tukunya ɗaya ake zuba musu, yau kuma me ya kawo tukunya biyu?

"Me ya sa nawa ya bambanta?"

Auta ya ɗan sosa ƙeya, bai kalle shi ba. "Oho, Yaya. Ka san mata da girke-girkensu."

Ƙarya yake yi. Mutumin da ya goya Auta yana yaro ya san idan ya sosa ƙeya to akwai abin da yake ɓoyewa.

Gobe ma haka, jibi ma haka. Ciwon kuwa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa. Wata rana yana cikin tauna sai ya ji ƙaras a tsakanin haƙoransa. Duk mai cin shinkafa ya san wannan, 'yar tsakuwa ce da ta kuɓuce wa mai tsinta. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jin ƙarar gilashi a ƙarƙashin takalminsa, ba tsakuwa ce ta fara zuwar masa a rai ba. Ya tsaya cak da cokali a hannu, ya dubi bayan shago inda Auta ke goge bakin gilashi da dutse, farar ƙura na zuba a cikin wani tsohon gwangwani. Wa ke zubar da gwangwanin nan idan ya cika? Auta. Ina yake kai shi? Bai taɓa tambaya ba.

Ya yi a'uziyya, ya ce shaiɗan ne. To amma da yamma yana zaune a benci, mai fenti, wanda Allah ya hore wa baki ba birki, ya zo ya zauna kusa da shi.

"Wai ni kam lafiya kake? Ka zama kamar sanda."

"Ciki ne ke ɗan damuna."

"Allah ya sawwaƙe. Ka dai riƙa kula da abin da kake ci. A unguwar da na taso an yi wani mai gareji, haka ya yi ta ramewa, ashe kwalba ake daka masa a abinci kaɗan-kaɗan. Wai 'yan gidansu ne, saboda fili. Ko gaskiya ne ko ƙarya, ni dai haka na ji."

Ya faɗi maganarsa ya tashi ya tafi sallamar mai saye, ya manta ma ya yi ta. Mai Gilashi kuwa har aka rufe shago maganar na yi masa yawo a ka.

Washegari da aka kawo abinci sai ya tura kularsa gaban Auta.

"Ɗan taɓa wannan ka ji."

Auta ya leƙa, ya yamutsa fuska, ya yi dariya. "A'a Yaya, wannan naka ne. Ni ba zan iya cin sa ba."

"Ko cokali ɗaya?"

"Haba dai. Ci abinka."

Auta da ba ya raina abinci, Auta da ko ƙanzo aka ba shi sai ya suɗe kwano, yau shi ne ba zai iya cokali ɗaya ba.

Sai ya shirya dabara, a ganinsa mai kyau. Rana ta gaba, Auta na bayan shago yana wanke hannu, ya kwance jan zaren ya ɗaura shi a ɗaya kular. Suka zauna. Auta ya buɗe wadda ba zare, ya ga farar shinkafa da kabeji, nan take ya rufe ya miƙo hannu zai musanya.

"Ta yi kuskuren ɗauri yau. Kawo waccan, Yaya, ba taka ba ce."

"Bar ta. Yau mai barkono nake sha'awa."

"Yaya, don Allah kar ka ci wannan."

"Don me?"

Auta ya buɗe baki, ya tuna faɗan rannan, ya rufe. Mai Gilashi ya cinye miyar nan tas, yana ci yana kallon ƙaninsa ta gefen ido. Auta ya juya farar shinkafar da cokali sau biyu, ya mayar da murfi, ya ce bari ya leƙa bakin titi ya dawo. Da ya dawo akwai maiƙo a leɓensa. Wato ya gwammace ya saya a waje da ya ci abin da matarsa ta dafa wa yayansa.

Ranar kuwa cikin dattijon ya ɗauki wuta irin wadda bai taɓa ji ba. Tun kafin la'asar ruwan tsami ke taso masa har hanci, ƙirjinsa kamar an ɗora dutsen guga. Kai ka ce wannan zai sa ya gane cewa abincin da ake ware masa ya fi masa sauƙi. Ina! Cewa ya yi ai an riga an yayyanka cikin, dole barkono ya yi zafi a kan rauni. Idan zargi ya kama mutum, duk inda ka ɓullo masa sai ya mayar da shi hujja.

Abin da ya fi ci masa rai ba tsoron mutuwa ba ne, baƙin ciki ne. Yaron da ya hana kansa sabuwar riga don ya biya masa kuɗin makaranta. Yarinyar da shi da kansa ya je ya nemo wa ƙaninsa, wadda ta yi jinyar matarsa har ta cika a hannunta. Yakan ce a ransa ba za su aikata ba, sai kuma cikin ya murɗa, ya ce to wa ke aikatawa? Ya so ya tambaye su kai tsaye, amma ya san magana irin wannan idan ta fita daga baki ba ta komawa. In ya faɗa kuma ba haka ba ne, ya rasa ƙani, ya rasa gidan da ya rage masa a duniya. Don haka ya ce sai ya gani da idonsa.

Ranar da Auta ya tafi sa tagogi a wani sabon gini, Mai Gilashi ya jawo ƙofar shago rabi. Ya ɗauko guntun madubi ya kwantar a kan teburin yanka, ya juye abincin a cikin tsumma, ya yi ta zuba ruwa yana murzawa da yatsu har shinkafar ta narke ta fice. Abin da ya rage ya shafa a kan madubin, ya kai bakin ƙofa, ya karkata shi ga hasken rana yadda yake yi idan yana neman tsaga a gilashi.

Ga su nan kuwa. Ƙanana uku ko huɗu, suna ƙyalli.

To jama'a, a shagon da ƙurar gilashi ke cikin tsumma, tana kan tebur, tana ƙarƙashin farcen mai shagon kansa, me za ka wanke ka shafa a madubi bai yi ƙyalli ba? Ko ruwan hawayensa ya shafa da sai ya samu. Amma shi bai yi wannan tunanin ba. Ya zauna a ƙasa, ya daɗe yana kallon su. Daga baya ya kankare abin da reza, ya ƙunshe a 'yar takarda, ya sa a aljihun gaban rigarsa.

Daga ranar bai ƙara cin abincin gidan Auta ba. Zai karɓa, ya sa albarka kamar kullum, in ya faki ido ya juye a leda ya kai bola. Ya koma rayuwa a kan baƙin shayi da busasshen burodi, sai madara mai sanyi idan wutar ta taso, don ya lura tana kwantar masa da ita na ɗan lokaci kafin ta dawo da ƙarfinta. Ƙwayar ciwon jiki kuwa ya mayar da ita kamar gyaɗa. Mai kemis ma sai da ya ce, "Baba, wannan maganin ba a shan sa haka, yana cin ciki." Ya ce masa shi ya zo saye ne, bai zo neman shawara ba.

Matar Auta ta ga kula na dawowa wanke tas, ta yi murna.

"Yaya, da alama abincin yana karɓar ka."

"Yana karɓa ta, ƙanwata."

Ya kalli fuskarta yana neman wani abu, ko rawar ido ko rawar murya. Bai ga komai ba sai fara'a, wannan ma ya ƙara ba shi tsoro.

Sai ya zama in ya yi bayan gida yana fitowa baƙi ƙirin kamar kwalta. Bai gaya wa kowa ba. In ya miƙe tsaye sai ya ga duhu-duhu, in ya hau matakala sai haki. Bai fasa zuwa aiki ba, don a ganinsa ranar da ya kwanta ranar suka ci nasara.

Wata safiya aka kira su kai babban gilashin ƙofa wani ofis a bene na biyu. Gilashi ne mai kauri, ya fi tsayin mutum, sai mutum biyu. Auta ya ce a nemo wani ya kama masa, Mai Gilashi ya ce shi bai mutu ba tukuna. Auta na sama yana ja, shi yana ƙasa yana turawa. A tsakiyar matakala ya ji kunnuwansa sun toshe, bango ya juya, hannuwansa suka saki. Gilashin ya taho kansa gaba ɗaya. Auta bai saki ba. Ya rungume gefen da damtsensa, ya karkatar da shi ya bugi bango ya tarwatse can gefe, bakin ya tsarge masa hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Abin da Mai Gilashi ya gani na ƙarshe shi ne aman da ya yi a kan matakala, baƙi kamar dafaffen ganyen shayi, da Auta durƙushe a kansa yana kiran "Yaya, Yaya," jini na ɗiga daga hannunsa.

Ya farka a gadon asibiti, an kewaye shi da koren labule, ledar jini na rataye a kansa. Aka gaya masa an zura masa siririn bututu mai kyamara ta baki har ciki, an tsayar da jinin da ke zuba. Auta na zaune a gefe da hannu naɗe da bandeji, idanunsa sun yi ja. Ya so a ɗebi jininsa a ƙara wa yayansa, ma'aikatan suka ce wanda ya zubar ma ya isa.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, Auta ya sauka karɓo magani, likita ta shigo zagaye. Doguwar mace ce mai gilashin ido, Mai Gilashi har ya lura da ɗan karce a na hagun. Ta ja labule ta zauna a bakin gado.

"Baba, gyambon ciki ne, olsa. Yana daidai inda ciki ke sakin abinci zuwa hanji, ya ci har ya taɓa jijiyar jini. Abu biyu ne suka haɗu a kanka. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a cikin mutum shekara da shekaru bai sani ba, mun gwada mun same ta. Sai kuma maganin ciwon jikin nan da ƙaninka ya ce kana sha ba abinci. Shi ne ya kankare abin da ke kare cikin daga ruwan tsaminsa."

"Ba abinci ba ne?"

"Abinci ba ya huda ciki. Barkono da mai da baƙin shayi suna tayar da zafin ne idan raunin yana nan, su kuma sa ƙwannafi. Madarar da kake sha tana lallashinsa ne kawai, an jima ta sa cikin ya ƙara zubo tsami. Za mu ba ka magani kala uku, biyu na kashe ƙwayar cutar, ɗaya na rage tsamin. Mako biyu ba fashi, ko ka ji sauƙi kar ka tsaya. Na rage tsamin za ka ci gaba da shi bayan nan. Ƙwayar bayan nan kuwa kun rabu, za mu canza maka wata. Ka riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan, sau biyar a rana, kar ka bar cikin wayam, kar kuma ka cika shi. In ka ci kar ka kwanta sai an jima sosai, a kuma ɗaga maka kan gado."

Ta miƙe za ta tafi. Da ya bar ta ta tafi, da shi ke nan. Amma abin da mutum ya yi wata da watanni yana goyo a zuciya ba ya sauka da bayani ɗaya. Ya miƙa hannu ga rigarsa da ke rataye a kan gado, ya zaro 'yar takardar.

"Likita, ki gaya mini tsakaninki da Allah, ba ƙara zan kai ba. Da kika shiga da kyamarar, ba ki ga gilashi ba?"

"Gilashi kuma?"

"Dakakke. Matar ƙanina ce ke dafa mini abinci. Daban take dafa nawa, har alama take sa wa kular. Mijinta ko cokali ɗaya ba ya yarda ya ci. Na wanke abincin da hannuna, ga abin da na samu a ciki."

Likitar ta buɗe takardar, ta duba, ta dube shi.

"A ina ka wanke shi?"

"A shago."

"Shagon yankan gilashi."

Ta girgiza kai, ta ci gaba.

"Baba, na duba cikinka lungu-lungu, babu gilashi, babu yanka. Me take dafa maka daban ɗin?"

"Farar shinkafa, dafaffen kifi, kabeji. Ba mai, ba barkono."

"To ai duk cikin watannin nan ita kaɗai ce ta yi wa cikinka abin kirki. Ka ci kuwa?"

Ta ninke takardar ta jefa a kwandon shara, ta yaye labule za ta fita, sai ta ɗan ja da baya ta ce, "Au, sannu, shigo mana."

Matar Auta ce tsaye a bayan labulen, da kula a hannu ɗaya, flas a ɗaya.

Tun yaushe take wurin? Labulen asibiti ba bango ba ne, tari ma ana ji daga gado na uku. Ta shigo, ta ajiye kayan a kan loka, ta ɗan rusuna.

"Sannu, Yaya. Ya jikin?"

"Da sauƙi, ƙanwata. Yanzu kika zo?"

"Eh, ban daɗe ba."

Muryarta lafiya lau. Ta gyara masa matashi, ta tambayi ma'aikaciyar jinya ko an yarda ya fara cin abu mai ruwa-ruwa, aka ce sai gobe, ta ɗauki kularta ta koma da ita. Auta ya dawo da ledar magani, yana ta ba shi labarin layin da ya tarar.

Sauran kwanakin da ya yi a asibiti, aikinsa ɗaya ne, kallon fuskar matar nan. Ta ji ko ba ta ji ba? In ta yi shiru ya ce ta ji. In ta yi wa mijinta dariya ya ce ba ta ji ba. Abincin asibiti ake ba shi, don haka ba ta sake kawo kula ba, sai dai ta zo ta gaishe shi ta tafi da kayan wanki. Auta kuwa yana nan yadda yake. Shi ne ma ya ba shi labari, yana dariya, cewa mahaifin matarsa ya yi fama da irin wannan ciwon, ita ta yi ta dafa masa, shi ya sa tun da ta ji ana maganar ƙwannafi ta raba tukunya.

"Ni na hana ta gaya maka, Yaya. Na ce in ka ji abincin marasa lafiya ne, kular ma sai ka jefo mu da ita. Amma gaskiya abincin nan salam yake, ni ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan iya ba."

Mai Gilashi ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma bai farka ba.

Da aka sallame shi Auta ya rantse ba zai koma ɗakinsa shi kaɗai ba, gidansa ya wuce da shi. An share ɗakin baƙi, an sa sabon zanen gado, Auta da hannu ɗaya ya tura bulo biyu a ƙarƙashin ƙafafun gadon ta wajen kai. Bayan sun huta matar ta shigo da tire, dafaffen dankali da aka murƙushe da ɗan ƙwai, a ƙaramin kwano. Cokali biyu ne a kan tiren.

Ta ajiye a gabansa. Ta ɗauki cokali ɗaya, ta juya abincin har ƙasa, ta ɗebo daga tsakiya, ta kai bakinta. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, ta tsiyaya ruwan kofinsa kaɗan a murfin flas ta sha. Sannan ta tura masa tiren.

"Bismillah, Yaya."

Auta ya tuntsire da dariya. "Ke kuma yau gishirin ne ba ki yarda da shi ba? Ai sai ki ɗanɗana tun a kicin."

"Na fi so in ɗanɗana a nan," in ji ta.

Mai Gilashi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ta ji, kuma ba ta gaya wa mijinta ba.

Sau biyar likita ta ce ya ci a rana, sau biyar kuwa take shigowa da cokali biyu. Da safe, da hantsi, da rana, da la'asar, da kuma kafin magariba don ya samu tazara kafin kwanciya. Ba ta taɓa ɗaure masa fuska ba, ba ta taɓa makara ba, maganinsa ma ita ke tuna masa. Cikin ya lafa, ƙwannafin ya tafi, har kumatunsa suka fara dawowa. Auta ya saba da abin har ya daina tsokanarta, ya ce sabon salo ne na masu jinya.

Ranar da ya shanye maganin mako biyun, Auta ya tafi shago, yara suna makaranta, ta shigo da na hantsi. Ta kai hannu ga cokalinta, sai ya ɗora tafinsa a kan kwanon.

"Ƙanwata, don girman Allah ki bari. Na yi kuskure, na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Na yafe, Yaya. Tun a asibiti na yafe."

"To ki daina wannan. Wallahi ko me kika ba ni zan ci ido rufe."

Ta amsa tana kallon tiren, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ba don kai nake yi ba, Yaya. Da can in na dafa abinci, abinci ne kawai. Yanzu ko tsakuwa na tsinta a shinkafa sai gabana ya faɗi. Kai mutum ne mai shekaru, ga ciwo. In wani abu ya same ka a gidan nan, ina so ya kasance ni ma na ci."

"Shi Auta fa? Za ki gaya masa?"

"Hannunsa bai gama warkewa ba. Me zan gaya masa?"

Ya janye tafinsa daga kan kwanon. Ta juya abincin har ƙasa, ta ɗebo daga tsakiya ta ci, ta tura masa sauran, ta koma kicin ta ɗora na rana.